Gangar Jiki Babu Rai: Baje Kolin Fasahar Na'ura da Salwantar Ayyukan Kwamfuta na Farko

Gabatarwa

Idan aka ambaci aikin fasaha, abin da yakan fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne zane, ko sassaƙa, ko adon gini, wato abin da za a ajiye a dawo bayan shekara ɗari a tarar da shi kusan yadda aka bar shi. Wannan takarda ta shafi wani nau'i ne dabam. Daga tsakiyar shekarun 1960, wasu masu fasaha a Turai da Amurka sun haɗa gwiwa da injiniyoyi, suka fara ƙera ayyukan da ke jin sauti, suna motsi, suna mayar wa mai kallo martani. Baje kolin irin waɗannan ayyuka ya ɗaga hankalin jama'a ƙwarai. Wasu sun fusata, wasu sun tsorata, wasu kuma sun kasa ɗauke ido. Sai dai da yawa daga cikin ayyukan ba su yi tsawon rai ba, kuma ɓangaren da ya tayar wa mutane hankali, wato halayyar aikin, shi ne ya fara salwanta. Ƙarfe da takarda da hotuna su suka saura.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a fayyace kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. Baje koli a asali aikin ɗan koli ne, mai shimfiɗa kayansa a kasuwa. A nan ana nufin nuna ayyukan fasaha ga jama'a a wani zaure na tsawon makonni ko watanni. Mai fasaha shi ne wanda ya ƙirƙiri aikin, ko da bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba. Manhaja kuwa, wadda ɗalibai suka fi sani da ma'anar tsarin karatu, a fagen kwamfuta tana nufin jerin umarnin da aka rubuta wa na'ura don ta bi. Ba a ganin manhaja da ido, ba a taɓa ta da hannu, kuma ba ta aiki sai a kan irin na'urar da aka rubuta ta dominta. Wannan sifa ta ƙarshe ita ce tushen duk asarar da za a ambata a gaba.

Stuttgart, 1965

A watan Fabrairun 1965 aka rataye wasu ƴan zane-zane a wani ɗaki na babbar kwalejin kimiyya da ƙere-ƙere ta Stuttgart a ƙasar Jamus. Mai su, Georg Nees, masanin lissafi ne da ke aiki a kamfanin Siemens, kuma bai zana ko ɗaya da hannunsa ba. Manhaja ya rubuta, kwamfuta ta yi lissafi ta huda sakamakon a kan wani dogon tef na takarda, sannan wata na'ura mai riƙe alƙalami, Zuse Graphomat Z64, ta karanta hujin ta ja layukan. Malamin falsafa Max Bense ne ya shirya nunin, ya kuma gayyato masu zane. Kamar yadda Frieder Nake, wanda shi ma yake irin wannan aiki a Stuttgart a lokacin, ya sha ba da labari, ɗaya daga cikin masu zanen ya tambayi Nees ko na'urar za ta iya zane da irin hannunsa. Nees ya ce za ta iya, muddin mai zanen zai iya faɗa masa yadda yake yi. Amsar ta yi wa baƙin zafi, wasu suka tashi suka fita cikin fushi, Bense na ƙoƙarin kwantar musu da hankali da cewa ai wannan ƙirƙirarriyar fasaha ce, ba irin tasu ba.

Ayyukan wannan zamani na farko sun yi sa'a, domin a kan takarda suka ƙare. Har yau ana iya ganin zanen Nees da na Nake a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Amma abin da ya harzuƙa masu zanen Stuttgart ba ya cikin takardar. Tunanin cewa jerin umarni zai iya tsayawa a matsayin hannun mutum shi ya ɓata musu rai, kuma mai kallon zanen a yau layuka kawai yake gani.

Landan, 1968, da Eindhoven, 1970

Daga watan Agusta zuwa Oktoban 1968, wata cibiyar fasahar zamani da ake kira ICA a Landan ta yi baje kolin da ya zama zakaran gwajin dafi a wannan fage. Sunansa Cybernetic Serendipity, wato dai dacen da ake yi da abin da ba a nema ba ta hanyar na'ura. Jasia Reichardt ce ta tsara shi, kuma mutum 130 suka kawo ayyuka, waɗanda mafi yawansu injiniyoyi ne da masana kimiyya. An bar mai kallo cikin duhu da gangan, ba a faɗa masa wane aiki ne na mai fasaha, wane ne na injiniya ba.

Cikin abubuwan da aka nuna akwai aikin Gordon Pask: siffofi biyar a rataye daga rufi, biyu an kira su maza, uku mata, suna juyawa suna neman juna da haske da sauti. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura mai suna SAM, mai kama da fure a kan dogon wuya mai gaɓoɓi kamar ƙashin baya. Idan mutum ya yi magana, sai furen ya karkato ya fuskance shi. Wanda ya ƙera SAM shi ne Edward Ihnatowicz, haifaffen ƙasar Poland a 1926, wanda ya koma Ingila da zama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mai sassaƙa ne da ya koya wa kansa aikin injiniya, har yakan kwance kayan tsofaffin motoci don ya fahimci yadda matsin mai ke motsa ƙarfe.

Daga nan kamfanin Philips ya ba shi aikin ƙera wani abu mafi girma don Evoluon, gidan nunin kimiyya da kamfanin ya buɗe a 1966 a garin Eindhoven na ƙasar Holan, gini mai kama da akushi biyu da aka kifa ɗaya a kan ɗaya. Abin da Ihnatowicz ya ƙera shi ne Senster, wanda aka fara nunawa a 1970. Tsawonsa ya kai kusan mita 4. An haɗa shi da bututun ƙarfe a kan ƙafafu uku, da dogon wuya mai gaɓoɓi shida da aka kwaikwayo daga hannun wata halittar teku dangin ƙaguwa. Matsin mai ne ke motsa gaɓoɓin, irin wanda ke ɗaga bayan tifa. A kansa akwai makirufo huɗu da na'urar rada biyu masu gane motsi. Kwamfuta ƙirar Philips P9201 ce ke sarrafa shi, kuma ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki ko hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba.

Dokokin da aka rubuta masa ba su da yawa. Idan ya ji sauti, ya miƙa kai wajen sautin. Idan sautin ya yi ƙarfi da yawa, ko aka yi motsi na bazata kusa da shi, ya ja da baya. Amma Ihnatowicz ya ɓata lokaci mai yawa a kan abu guda, wato yadda wuyan zai fara motsi a hankali, ya ƙara sauri, sannan ya rage kafin ya tsaya, kamar yadda hannun mutum ke yi idan zai ɗauki kofi. Wannan laushin motsi ne ya rikita mutane. Babu fata a jikin Senster, babu ido, babu abin da ya ɓoye cewa ƙarfe ne da wayoyi, duk da haka masu kallo sun ɗauke shi kamar dabba. Suna kiransa, suna tafa masa, wasu na jin kunyar yi masa tsawa. Shi kansa Ihnatowicz ya ba da labarin wata rana da yake aikin gwaji, ya yi gyaran murya ba tare da ya lura ba, sai kawai ya ga kan na'urar ya taho ya tsaya a gabansa kamar mai tambayar lafiya. Ya san kowane layi na manhajar, amma hakan bai hana jikinsa yin sanyi ba.

A 1974 aka kwance Senster. Kayan lantarkinsa suka watse, gangar jikin kuma ta koma hannun wani kamfanin injiniya da ya yi aiki a kansa, aka kafa ta a fili a ƙauyen Colijnsplaat da ke kudu maso yammacin Holan. Nan ta yi shekaru da dama tana shan ruwan sama da iskar teku, masu wucewa na ɗaukarta wani adon ƙarfe. Babu wanda ya lalata Senster don ƙiyayya. Gidan kimiyya ne ya mallake shi, kuma gidan kimiyya yakan cire tsohon abin nuni ya sa sabo, kamar yadda ɗan koli ke sauya kaya. Gidajen adana fasaha kuwa a lokacin ba su ɗauki irin wannan abu a matsayin nasu ba.

Niyok, 1970

A shekarar da Senster ya fara motsi, an yi wani baje koli a Niyok wanda ya fi na Landan tayar da hankali, ya kuma fi shi muni a ƙarshe. Jack Burnham ne ya tsara shi a gidan tarihin Yahudawa na birnin, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, kamfanin motoci na American Motors ya ɗauki nauyi. Sunansa Software, wato manhaja. Manufar Burnham ita ce ya nuna cewa aikin fasaha na iya zama tsari ko umarni kawai, ba lallai sai abin da za a rataye a bango ba.

Mai shiga zauren yakan gamu da abubuwan da ba su da daɗin zama da su. Vito Acconci, alal misali, aikinsa shi ne a zo a tsaya dab da mai kallo, a yi shiru, har sai ya ji an takura masa ya matsa. Hans Haacke ya kafa na'urar da ke buga labaran duniya ba tsayawa, takarda na tulewa a ƙasa. Amma wanda aka fi tunawa shi ne Seek, aikin Nicholas Negroponte da ɗalibansa na jami'ar MIT. Wani babban akwati ne mai bangon gilashin roba, a ciki an jera ƙananan tubala kusan 500, sannan aka saki wasu ƙananan ɓerayen jeji su zauna a ciki. A sama akwai hannun ƙarfe mai maganaɗisu wanda kwamfuta ke sarrafawa. Ɓerayen na ture tubalan, kwamfutar na ƙoƙarin gane abin da suke so: tubalin da ya ɗan goce sai ta mayar da shi, wanda ya yi nisa sai ta ɗauka nan suke son ya zauna, ta daidaita shi a sabon wurin. Manufar ita ce a gwada birnin da na'ura za ta riƙa gyarawa bisa bukatar mazauna.

Abin da masu kallo suka gani dabam ne. Ɓerayen sun rikita lissafin kwamfutar, sun ɓata wurin, sun far wa juna. Ted Nelson, wanda shi ma yana da aiki a baje kolin, ya tuna da wani ɓera da ya ƙame a tsaye yana kallon hannun ƙarfen na sauya masa duniya. Ba sai an yi wa kowa bayani ba kafin ya gane wa ɓeran ke wakilta.

Wani abin dariya mai ban takaici shi ne, babbar kwamfutar da ayyuka da dama suka dogara da ita, ƙirar PDP-8, ta ƙi aiki har kusan wata guda, saboda matsalar manhaja, a baje kolin da aka sa wa suna manhaja. Kuɗin da aka kashe ya zarce kasafi, aka soke kai nunin cibiyar Smithsonian a Washinton kamar yadda aka shirya, shugaban gidan tarihin, Karl Katz, ya rasa muƙaminsa. Abin da ya rage na Seek a yau shi ne hotuna, da ɗan fim, da littafin baje kolin. A nan asarar ta faru tun ƙofa na buɗe, domin waɗanda suka zo a makonnin farko ba su ga wasu ayyukan suna aiki ba ko sau ɗaya.

Zamanin faifai da intanet

Mai karatu zai iya zaton cewa da kwamfuta ta yi araha ta shiga gidaje matsalar ta kau. Ƙaruwa ta yi. A watan Yulin 1985 kamfanin Commodore ya gayyaci shahararren mai zanen nan Andy Warhol bikin ƙaddamar da kwamfutar Amiga 1000 a Niyok, inda ya yi hoton mawaƙiya Debbie Harry a gaban jama'a. Ya yi wasu zane-zanen a kan na'urar, ya adana su a faifan filofi, ya rasu a 1987. Faifan suka shiga ma'ajiyar gidan tarihinsa a Pittsburgh. An lissafa su, an kula da su, ba wanda ya sace, ba wanda ya ƙone, amma kuma ba wanda ya san abin da ke ciki. Sai a 2011 wani mai fasaha, Cory Arcangel, ya ga bidiyon bikin a YouTube ya fara bincike. Ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci ta jami'ar Carnegie Mellon ce ta kwafe faifan, ta tarar an adana hotunan da wani tsari da babu manhajar zamani da ke gane shi, sai da suka warware tsarin da kansu. A 2014 aka sanar da samun hotuna 28. Da faifan sun ƙara wasu shekaru, ko da ba a sami masu wannan sha'awa ba, da shi ke nan.

Misalin da aka fi kawowa a wannan batu ba na fasaha ba ne kai tsaye, amma ya cancanci a ambata. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara hotuna da bayanai a kan rayuwar Birtaniya a faifan lesa, don cikar shekara 900 da rubuta kundin ƙidayar filaye na Domesday na 1086. Bayan kimanin shekara 15, na'urorin da ke karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto su a 2002. Kundin 1086 kuwa, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karantawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Ayyukan intanet sun fi kowane rauni, domin ba su da gida ɗaya. A 1994 Douglas Davis ya buɗe wani shafi da ya kira jimlar haɗin gwiwa ta farko a duniya. Kowa na iya ƙara kalmomi daga ko'ina, da kowane harshe, sharaɗi ɗaya ne: ba a sa aya. Gidan tarihin Whitney ya karɓi aikin a 1995, kuma zuwa shekarar 2000 an ƙara masa rubutu kusan sau 200,000. Daga baya aka sauya kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wurin ƙara rubutu ya daina aiki, mahaɗan da ke kai mutum wasu shafuka suka mutu, rubutun Koriya ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomi. Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan cuta ta ƙarshe. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa a kwamfuta sukan yi amfani da haruffa na musamman don ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma da an buɗe takardar a wata na'urar da ba ta da su, sai haruffan masu lanƙwasa su koma wasu alamomi dabam.

Da Whitney ya tashi gyara, sai ya gamu da tambayar da mai gyaran zanen fenti bai taɓa gamuwa da ita ba. Idan aka gyara manhajar, an canza abin da Davis ya rubuta. Idan aka bar ta, jimlar ta tsaya, alhali ma'anarta ita ce kada ta tsaya. A 2013 gidan tarihin ya fitar da kwafi biyu, ɗaya rayayye da ake ci gaba da ƙara masa rubutu, ɗaya kuma daskararre mai nuna kamanninsa na dā. Hukunci ne na gaskiya, amma amincewa ne kuma cewa babu ɗaya daga cikin biyun da ya cika zama aikin. Irin wannan matsala ta sake aukuwa da yawa a ƙarshen 2020, lokacin da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa manhajar Flash, wadda ɗimbin ayyukan intanet na shekarun 2000 suka dogara da ita.

Dabarar da masu adanawa suka fi dogara da ita ita ce kwaikwayo, wato a sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar tsohuwa don tsohuwar manhaja ta samu wurin aiki. A 2004 gidan tarihin Guggenheim ya gwada ta a fili, ya ajiye ayyuka na asali kusa da kwaikwayonsu don masu kallo su kwatanta. Cikinsu akwai The Erl King na Grahame Weinbren da Roberta Friedman, fim na farkon shekarun 1980 wanda mai kallo ke sauya tafiyarsa ta hanyar taɓa allo. Sabuwar na'urar ta fi tsohuwar sauri, har sai da aka rage mata gudu da gangan, domin ɗan jinkirin da ke tsakanin taɓawa da amsa ya zama wani ɓangare na aikin. Abin da injiniya zai kira nakasa, mai kallon farko ya ji shi a matsayin numfashin labarin.

Dawowar Senster

A 2017 jami'ar kimiyya da ƙere-ƙere ta AGH da ke Krakow a Poland ta sayi gangar jikin Senster daga Holan. Wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Anna Olszewska ta gyara gaɓoɓin, ta sabunta kayan matsin mai, kuma a 2018 wuyan ya sake ɗagawa bayan fiye da shekara 40. A wannan shekarar ce ma aka sake ƙera rataye-ratayen Gordon Pask a Detroit ta Amurka, daga hotuna da bayanan da ya bari.

Ƙarfen Senster na 1970 ne, amma kwamfutar da ke motsa shi ta zamani ce, kuma sabon tsarin sarrafawa aka rubuta masa. Don su san yadda ya kamata ya miƙa kai da yadda zai ja da baya, masu gyaran sun koma ga takardun da suka saura da wani ɗan gajeren fim da aka ɗauka a Evoluon, inda ake ganin yara na kiransa yana zuwa. Waɗanda za su iya cewa motsin ya yi daidai ko bai yi ba su ne waɗannan yara, da suka manyanta a yanzu, gwargwadon abin da suka iya tunawa. Mutumin da ya yi gyaran murya na'urar ta taho gabansa ya rasu tun 1988.